Ɗakin da Na Ce Sito Ne

Jiya da hantsi Isufu direba ya sauke mana buhun albasa a tsakar gida. Haka yake yi duk shekara idan azumi ya ƙarato. Ya ajiye babbar motarsa a kasuwar albasa, ya ɗauko tasi har bakin lungunmu na Maamobi a birnin Akra, ya saɓa buhun a kafaɗa ya shigo yana haki. Albasar Nijar ce, mai jan ɓawo, wadda tun kafin a kwance bakin buhu ido ya fara ƙaiƙayi. Matan gida suka fito da kwanoninsu ana ta shewa. Ni kuwa na tsaya riƙe da tsumman ɗinki, zufa na bin bayana, irin zafin nan na kafin ruwa wanda ke sa kwanon rufi ƙara shi kaɗai. Zafin wancan shekarar ne sak. Na rasa abin da ya dace in yi, murna ko kuka, kuma shekara da shekaru ke nan ban gano ba.

Baba Sule ne ke aiko ta. Godiya yake yi mana da ita, a kan abin da mu ya kamata mu ba shi haƙuri.

Kafin shekarar korona, duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ya san ƙarar almakashin Baba Sule, ko da bai san sunansa ba. Mai yankan farce ne. Yana tafe yana kaɗa almakashinsa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da 'yar jakar fata a rataye, da kwalbar ruwan sabulu da guntun soso. Daga wani ƙauye na ƙasar Tawa, can Nijar, ya zo Akra tun ina goye a bayan uwata, ya kama ɗakin ƙarshe a gidan Hajiya Adiza, ɗakin da ba shi da taga, bai sake tashi ba. A nan matarsa Ladi ta rasu, ba su bar ɗa ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya taka har maƙabarta ya cire mata ciyawa, ya dawo ƙafarsa buɗu-buɗu.

"Memuna, ɗiyata," yakan ce mini, "ni na gama zaɓen wuri. Ran da na mutu kusa ga Ladi za ku kai ni. Can gida wa ya san ni? Ko icen da na bari ya bushe."

Ni tela ce, ɗaki na uku daga ƙofa. Tun da ni ce na ɗan daɗe a makaranta, sai na zama bakin gida. Takarda in ta zo, ni. Ma'aikaci in ya shigo da Turanci, a ce a kira Memuna. Ina jin daɗin matsayin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har wata 'yar murya nake da ita ta musamman da nake yi wa masu sanye da riga mai tambari.

Da aka ce kowa ya zauna a gida, dariya muka fara yi. Wane gidan? Namu ɗaki goma sha ɗaya ne, kowane ɗaki iyali guda, famfo babu. Aka ce a bar tazara tsakanin mutum da mutum, alhali a lungunmu in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Amma dariyar ba ta kwana biyu ba. Aka rufe masallatai. Ladan ya kira salla, ba wanda ya tashi, maza suna zaune a ƙofar ɗaki suna kallon ƙafafunsu. Babban titin Nima, wanda tun da aka haife ni ban taɓa jin ya yi shiru ba, ya yi tsit har kana jin kukan akuyar wata unguwa. Sojoji suka tsaya a mahaɗar Kawukudi suna mayar da mutane. Iska ta ƙi motsi, warin babbar gota ya shigo ya zauna tare da mu.

Makon farko mun ci abin da ke gida. Mako na biyu muka koma jiƙa gari da sukari, sannan gari ba sukari. Mai kokon bakin lungu ta daina fitowa. Ba biki, ba suna, ba mai kawo ɗinki, kekena ya kwanta har gizo ya fara saƙa a ƙafarsa. Amma sana'ar Baba Sule ta riga ta kowa mutuwa. Cutar da aka ce a hannu ake ɗauka, wa zai miƙa wa wani hannu? Sai ya zauna a bakin ɗakinsa yana shafa wa almakashi mai, ya goge, ya sake shafawa. In na ce, "Baba, ka ci abinci?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, lahiya lau." Wuyansa kuwa kullum ƙara tsawo yake yi a cikin riga.

A lokacin ne rediyo ta ce gwamnati ta saki kuɗin agajin gaggawa ga ƙananan hukumomi, wato asambili a bakinmu, don a taimaki talakawa. Kowa ya fassara yadda ya ga dama. Wasu suka ce a waya za a turo. Wasu suka ce sai mai katin zaɓe. Wani ya rantse cewa na waɗanda suka kamu ne kawai, har aka samu masu gwada tari. Abin da ya fara isowa dai bokiti ne mai ɗan famfo a gindi, da sabulu, aka ajiye a bakin kowane lungu. Kwana biyu yana nan a bushe muna zagaya shi, kafin tankar ruwa ta zo kyauta. Sai wasu masu fararen kaya har ka suka zo suka yi wa kasuwa feshi. Sai kuma motar dafaffen abinci, wadda ta tsaya a bakin titi aka yi mata ca. Mai ƙarfi ya kwashi ƙunshi uku, tsoho ya koma gida da ƙurjewar gwiwa. Ni kaina takalmi ɗaya na dawo da shi.

Daga baya na ji cewa wannan turmutsitsin ne ya sa asambili ta canja dabara. Ta ce a bi gida-gida a rubuta tsofaffi, da marasa lafiya, da waɗanda ba su da kowa, a kai musu ɗanyen abinci har ƙofa. Wataƙila an faɗa a rediyo ranar da ba wuta. Mu dai abin da ya iso mu shi ne saƙon murya a waya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da muryar mutumin da bai faɗi sunansa ba. An ce cutar ta bakin iyaka ta shigo. An ce ana rubuta baƙi. An ce wani ya ga motoci a jere, babu kowa a ciki, suna jira.

Hajiya Adiza, mai gidanmu, ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Tana 'yar shekara goma aka yi korar baƙi a ƙasar nan. Ubanta mutumin Nijeriya ne, mahauci a Sabon Zongo. Ta sha ba mu labarin yadda aka ɗora shi a babbar mota da tabarmarsa, ya ce mata zai dawo kafin layya. Ba ta sake ganinsa ba. Duk tsohon da ke Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, yana da irin wannan labarin a ajiye, kuma ba wanda ya taɓa ce musu abin ya wuce har suka yarda.

Ranar da abin ya faru, rana ta take tsaka. Hajiya na leƙe a ƙofar gida sai ta hango mutum uku suna shigowa lungu, fuska a rufe da takunkumi, ɗaya riƙe da babbar waya mai faɗi, ɗaya da alli. Suna shiga gida, su fito, su yi alama a ƙofa. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa dakali, ranar da gudu ta ƙetare tsakar gida.

"Malam Sule, shiga ɗaki! Shiga!"

"Hajiya, mi ya hwaru?"

"Sun zo rubuta baƙi o! Kana da takarda? Ba ka da shi koraa, ko ɗaya. Shiga, kar ka yi tari!"

Takardar zamansa ta mutu tun kafin in yi aure, kowa ya sani. Ya tashi ya shige. Hajiya ta ja ƙofa ta datse da kwaɗo daga waje, ta shure butarsa da silifas ɗinsa bayan turmi. Muka jawo buhun gawayi da tsofaffin bahuna muka jibga a ƙofar. Sannan ta kama hannuna ta matse.

"Memuna, ke ne mai Turanci. In kin bari suka ɗauke mutumin nan, ni da ke har lahira."

Mai riƙe da wayar budurwa ce 'yar ƙabilar Ga, na ga an rubuta sunanta, Naa, a ƙirjinta. Idanunta kaɗai ake gani, kuma sun yi ja don gajiya. Ta gaishe mu da 'yar Hausarta, "Sannu, Mma," sannan ta koma Turanci. Ta tambayi tsofaffin gida, na nuna mata Hajiya, tun da ita haifaffiyar nan ce, da katinta. Ta rubuta. Sai ta ce, akwai wani baƙo a gidan nan, wanda ya zo daga wata ƙasa, ba shi da dangi a nan? Ta ce irinsu ne suka fi nema, domin sunansu ba ya cikin kowane littafi.

Kun ji fa. Da bakinta ta faɗa, irinsu suka fi nema. Na gyara 'yar muryar nan tawa ta ma'aikata na ce babu, duk 'yan ƙasa ne mu.

Ta nuna ɗakin ƙarshe. "Wancan fa?"

Na ce, "Sito ne."

Ta gyaɗa kai. Mai alli ya zana alama a ƙofar Hajiya, suka fita. Muka dubi juna muna sauke numfashi, har Hajiya ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ji kaina ya yi girma. A raina na ce yau na ceci rai da kalma biyu.

Kwana huɗu Baba Sule ya yi a kulle. Ɗaki ba taga, rufin kwano, a irin wannan zafi. In zai yi alwala ko ya zaga, sai na tsaya gadi a ƙofar gida in yi masa alama. Yakan fito rigarsa sharkaf, yana ƙifta ido kamar wanda aka tono. Ta ƙasan ƙofa muke tura masa jiƙaƙƙen gari. Ko almakashinsa ya naɗe a tsumma don kada ya yi ƙara. Hajiya kuma, saboda alamar allin da ke ƙofarta, ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a gefen gado, wai ko da kati wa ya san abin da za su tono game da ubanta.

Rana ta biyar mota ta tsaya a bakin lungu. Muka ji ana kiran suna da ƙarfi: "Adiza! Hajiya Adiza!" Tsohuwa ta yi kalmar shahada, ta ɗauki ƙullinta, ta ce mu yafe mata. Ta fito tsakar gida a miƙe, kai a sama. Sai ga mutum ya shigo ya dire buhu a gabanta, an rubuta sunanta a jiki da baƙin alƙalami. Shinkafa ce. Ga wake, ga gari, ga kwalbar mai, ga kifin gwangwani. Ya ce ta dangwala yatsa a nan, ya wuce gida na gaba.

Muka tsaya a kan buhun kamar an kawo mana gawa. Ni na fara juyawa na dubi ɗakin ƙarshe, da gawayin da muka jibga masa.

"Mma Hajiya," na ce, "abinci ne fa suke rubutawa."

"Shhh!" Ta waiga. "Kar wanda ya gaya mishi."

"Amma..."

"Da wane baki? Dattijo kamar wannan, mun kulle shi kwana huɗu kamar akuya, mun hana shi shinkafa, sai mu ce, ai wasa ne? Ebei!" Ta rage murya. "Kuma ke kin sani ne? Gomnati bai ba mutum abu banza. Wataƙila shinkafa ɗin tarko ne. Su ba 'yan ƙasa yau, baƙi su gani su fito, gobe mota ya zo."

Wallahi da ta faɗi haka sai na ji kaina ya sake juyawa. Da safe na tabbata korar baƙi ce. Da azahar na tabbata abinci ne. Kafin la'asar ban san komai ba. Hajiya ta juye shinkafar a bahonta, ta ƙone buhun a murhu. Aka cire kwaɗo daga ƙofar Baba Sule, aka ce masa abin ya ɗan lafa amma kada ya leƙa waje. Ranar ya ci shinkafa da wake da kifi, yana ci yana sa wa Hajiya albarka, wai ta fasa ajiyarta saboda shi. Hajiya ta ce ba komai, idonta na kan murhu.

Rabon mutum ɗaya ba ya riƙe mutum biyu, balle jikokin Hajiya uku na nan. Kafin mako baho ya nuna gindi. Ni kuma abin yana cina. In na ga Baba Sule ya fito alwala yana dafa bango, sai in ji kalmar sito tana yi mini amsa-kuwa. Na yanke shawara ni kaɗai. Na ɗinka takunkumi da ragowar atamfa, na ɗaura, na fita neman yadda za a sa sunansa.

Na je wurin wakilinmu na asambili, ya ce littafinsa na masu bokiti ne, in je wurin kwamitin masallaci. Kwamitin masallaci suka ce nasu na dafaffen abinci ne, kuma ya ƙare, in gwada gidan sarkin Zongo. A gidan sarki aka ce su shaida kawai suke bayarwa, rubutu na ofis ne. Kwana uku ina wannan yawo cikin rana, kowa yana yi mini kirki, kowa yana nuna mini wata ƙofa. A ofis, bayan layin da ya kai bakin titi, na tarar da Naa zaune bayan tebur.

Na ce mata na yi ƙarya. Ɗakin nan ba sito ba ne.

Ta sauke takunkuminta kaɗan ta dube ni. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce ni ce ta huɗu a ranar, Zongo gaba ɗaya ya cika da sito. Ta ce ba abin da ya haɗa su da takardar zama, kuɗin na mai jin yunwa ne. Ta tambayi cikakken sunansa, da shekarunsa, da ƙasarsa. Na faɗa, tana dannawa. Da na ga kalmar Nijar ta bayyana a fuskar wayar kusa da sunansa, sai na ji kamar in ce ta goge. Ina tafiya gida ina tambayar kaina, abinci na samo masa, ko kuwa sayar da shi na yi?

A makon aka ɗage dokar zaman gida, azumi kuma ya kama. Masallatai dai na rufe, ba tafsiri, ba taron buɗa-baki, kowa ya sha ruwa a ƙofar ɗakinsa. Na kasa riƙe maganar, na gaya wa Hajiya muna tankaɗen garin tuwo. Na manta cewa Hajiya ba ta iya mamaki a hankali ba.

"Kin ba su sunanshi? Har da Nijar? Memuna, kin kashe mutumin nan!"

Ƙofar ɗakin ƙarshe a buɗe take. Ya ji komai.

Na je na durƙusa a bakin ƙofar. Na ce, "Baba, wallahi abinci ne kawai za su kawo maka."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. "Na sani, ɗiyata. Haka suka cewa. Kar ki damu, na san matsa miki anka yi. Kin yi iyakar ƙoƙarinki."

Nan ne ya kamata in faɗi sauran. In ce, Baba, shinkafar da ka ci kana sa wa Hajiya albarka daga littafin nan ta fito. In ce ba wanda ya taɓa nemanka, mu ne muka firgita muka firgita ka. Maganar ta zo har bakina. Na waiga na ga Hajiya tsaye da rariya a hannu tana kallona, tsohuwar da ta yi wankan jegona, fuskarta duk kunya da tsoro. Buhun da zan nuna masa shaida kuma ya zama toka. Na ce a raina, bari nasa buhun ya zo, ya gani da idonsa, maganar ta faɗi kanta.

Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauko. Tun hantsi gari ya yi baƙi, iska ta ɗaga ledoji sama, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gota ta cika ta tumbatsa, kowa ya duƙufa kwashe ruwa daga ɗakinsa da tara na sha a bahuna. Sanyin da muka yi wata muna roƙo ya shigo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin gota. Da aka ɗauke wajen la'asar na kai masa ruwan alwala. Ɗakin a share yake tas. Tabarma a naɗe, mabuɗi a kan ƙusa. Ba jaka, ba almakashi.

Mun neme shi har unguwar Kanda, har maƙabarta. A can na ga an cire ciyawar kabarin Ladi, sabuwar cira, ƙasar ma ba ta bushe ba.

Jibin ranar mota ta tsaya a bakin lungu, aka kira sunansa da ƙarfi, sau uku. Na fita na karɓa. Shinkafa, wake, gari, mai, kifin gwangwani, da sunansa a jikin buhu da baƙin alƙalami. Hajiya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba wanda ya iya taɓa abincin, duk da yunwar da ake yi. Sai ranar salla muka dafa muka raba wa mata 'yan dako da ke kwana a bakin kasuwa. Buhun kuwa na wanke, na ninke, na sa a ƙasan akwatin yadina.

Sai da shekara ta zagayo muka ji labarinsa. Isufu ya yi sallama da buhun albasa na farko, ya ce shi ya ɗauke shi. Iyaka na rufe ga mutane a lokacin, motocin kaya kaɗai ke wucewa, sai tsoho ya kwanta a bayan mota a ƙarƙashin tamfol, kwana da kwanaki, yana azumi. Yanzu yana ƙauyensu, a rumfar wani jikan ɗan'uwansa, yana taya su gadin albasa. Ya ce a gaishe da Hajiya da Memuna, matan da suka ɓoye shi. Kuma ya ce a tambaya, har yanzu suna nemansa?

Kowace shekara tambayar ke nan. Kowace shekara nakan ce, a gaya masa komai ya wuce, ya dawo. Kowace shekara Isufu ya dawo da amsa ɗaya: wai mu mutanen kirki ne, ya san ba ma son hankalinsa ya tashi, amma sunan da ya shiga littafin gwamnati ba ya fita. Yanzu bokitin asambili na nan a bayan ɗakina, famfon ya karye, ina jiƙa wanki a ciki. Titi ya koma hayaniyarsa. Wani mai gyaran waya ne a ɗakin ƙarshe, ya fasa bango ya sa taga. Hajiya kuma tun daga shekarar ba ta cin miyar da aka sa albasar nan, wai tana tayar mata da ciki.

Jiya na ce ya isa. Da mata suka watse da kwanoninsu, na ba Isufu kujera da ruwan sanyi, na ɗauko buhun daga ƙasan akwati na shimfiɗa masa a cinya. Na ba shi labarin tun daga alli har zuwa ranar salla, ban rage komai ba. Na ce ya kai masa wannan, ya ga sunansa, ya gaya masa shinkafa ce a ciki.

Isufu ya daɗe yana kallon rubutun. Ya shafa shi da yatsa.

"Memuna, in na kai mai wannan, mi zai gani? Sunanshi da rubutun gwamnati. Cewa zai yi, to ga shi, ban hwaɗa muku ba?"

"To ka yi masa bayani da baki."

Ya girgiza kai. "Ke ba ki san yadda yake can ba. Ya koma ba mata, ba ɗa, ba ko akuya. Da hwarko ko gaishe shi ba a yi. Labarin nan ne ya ba shi wurin zama. Yanzu in an taru bakin masallaci, cewa ake, Baba, ba mu labarin yadda gwamnatin Gana ta neme ka da sunanka, mata suka rufe ka da gawayi. Kowa ya yi shiru yana saurare. In ce mai shinkafa ya guje ma? Ni ba ni iyawa."

Na ce, "Ladi fa? Kusa da ita ya ce a kai shi."

"Ƙafafun sun tafi. Ko masallaci sai an riƙa shi. Ba ya ƙara hawa mota." Ya ninke buhun yadda na ba shi, ya miƙo mini. "Ya dai ce in roƙe ki, in kin samu hali, ki riƙa duba mai ciyawar."

Na karɓa na riƙe a ƙirji. Ina jin motsin Hajiya a bayan labulenta, na san duk ta ji. Ba ta fito ba.

Isufu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Tambayar tashi fa? Kin san zai yi. Mi zan ce mai bana?"

Na buɗe baki. Na dubi buhun da ke hannuna, na dubi na albasa da ke jingine a inda muka taɓa jibga gawayi. In na ce suna nemansa, na ƙara ƙarya a kan ƙarya. In na ce ba su taɓa nemansa ba, na ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage masa, kuma ba zai dawo da shi kusa da Ladi ba.

Na ce, "Ka ce masa albasa ta iso. Ka ce Juma'ar nan zan je in cire ciyawar."